Zangon karatu ya ƙare: ya taho gida, ko ya rataya jaka?

Ɗan yayata ya kira ni daga Budafest ana saura mako uku ya gama jarrabawa. Zango ɗaya jami'arsu ta tura shi Hangari a tsarin musayar ɗalibai, ga shi har wa'adi ya zo. Ya ce, "Kawu, 'yan ajinmu duk sun yanki tikitin jirgin ƙasa, ƙasa bakwai za su zaga. Ni ma raina yana so, amma Inna..." Na ce ya bar zancen nan, don Innar tasa ta riga shi kirana. Tana tsakar gidanta a Birnin Kebbi, ina jin ƙarar turmi ta waya, ta ce, "Mi za shi yi da yawo? Karatu anka aike shi, ya ƙare, shi taho gida. Wanga yawon jaka bisa baya ai yawon banza na."

Ni na taɓa yin irin wannan zaman a Turai, na kuma yi yawon, shi ya sa kowannensu ya ɗauka ina bayansa. Hanya uku na auna masa: ya hau jirgi ya dawo kai tsaye, ko ya zaga cikin Turai kafin ya dawo, ko ya sauka a wata ƙasa ta yammacin Afirka ya ƙaraso gida ta mota. Duk wani ɗan Kabi ko Zamfara da ya samu kansa a irin wannan matsayi, ma'aunin ɗaya ne.

Kafin zancen kuɗi na ce ya ɗauko katinsa na izinin zama ya karanta mini ranar da ke jiki. Ya ce 31 ga Yuli, jarrabawa kuma ƙarshen Yuni. A nan ne ɗan Najeriya ya bambanta da abokan ajinsa. Hangari tana cikin yankin Shengen, ƙasashe 29 da suka ɗage shingen iyaka tsakaninsu. Wanda ke riƙe da izinin zama ko bizar dogon zango ta ƙasa ɗaya a cikinsu yana iya shiga sauran har kwana 90 a cikin kowane kwana 180, muddin takardar tana raye. Bajamushe ko Bafaranshen da ke ajinsu ba shi da wata rana da yake tsoro. Ba'amurke ma fasfonsa yana shiga ba biza. Mai koren fasfo kuwa, ranar da katin ya mutu zamansa ya zama laifi, ko da a filin jirgi gari ya waye masa. Hukuncin ya danganta da ƙasa: tara, ko hana shiga na wasu shekaru, ga kuma tabon da zai fito fili ranar da ya koma neman bizar digiri na biyu. Ingila da Ailan ba sa cikin wannan yanki, katin ba ya buɗe su. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: Najeriya tana cikin ƙasashen da ko sauya jirgi kawai mutum zai yi a filin jirgin Shengen sai da bizar ratse, in ba shi da wata takarda mai rai da ta ɗauke masa. Wato wanda katinsa ya mutu, ko zaɓen jirgin da zai kai shi gida sai ya yi da lissafi.

Dawowa gida kai tsaye ba abin rainawa ba ne, kuma ban yarda a maida shi zaɓin matsorata ba. Tikitin komawa yawanci an riga an biya, ranarsa a rubuce, sauya ta kuma kuɗi ne. Jami'ar gida ba ta jiran kowa. In rajistar sabon zango ta wuce ka, ko aka sa jarrabawar wani darasi da ka bari a baya, hoton da ka ɗauka a gaban hasumiyar Faris ba zai cike gurbin ba. Yuron da ya rage a aljihu kuma, in aka juya shi naira a gida, yana iya zama kwamfutar hannu, ko kuɗin makarantar shekara, ko buhunan taki a daidai lokacin da damina ta kankama a fadamar Argungu. Wanda aka ciyo bashi aka tura shi, ko yake da mara lafiya a gida, ko kwanakin katinsa ba su wuce mako ba, ni ba na ma tsayawa muhawara da shi: ya ɗaure kaya ya taho.

Abin da ake rasawa guda ɗaya ne, amma ba ƙarami ba. Katin nan mabuɗi ne da ba lallai ya sake shiga hannunka nan kusa ba. Daga gida, in kana son ganin waɗannan ƙasashe, sai ka biya Yuro 90 kuɗin biza, ka kai takardar banki, ka yi inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, ka bi layi a Abuja ko Legas, ƙarshe ma a iya hana ka, kuɗin kuma ba ya dawowa. Ga tikitin jirgi zuwa da dawowa. Yaron da ke Budafest ya riga ya tsallake duk wannan, Biyena, babban birnin Ostiriya, ma tafiyar ƙasa da awa uku ce gare shi a jirgin ƙasa, ba ta kai wahalar Birnin Kebbi zuwa Gusau ba.

To in za a zaga, da me za a zaga? Abokansa tikitin Interrail suka saya, wanda aka fara tun 1972, yau yana aiki a ƙasashe 33. Mai shaidar zama a Turai shi ke sayensa, wanda ba shi da ita sai ɗan'uwansa Eurail, kuma wanda bai kai shekara 28 ba ana yi masa rangwame. Kana sayen ranaku ne, misali rana 4 ko 7 cikin wata guda, ranar da ka buɗe kuwa ka hau jirage iya son ranka. Daɗinsa a fili yake: tasha a tsakiyar gari take, ba mai auna jakarka, kana iya miƙewa ka taka ƙafa. Sai dai akwai ƙananan sharuɗɗa da ke cin kuɗi a ɓoye. A Faransa da Italiya da Sifaniya, jirage masu gudu sai ka biya kuɗin kama kujera daban, haka jiragen kwana. A ƙasar da kake zaune kuma tikitin fita ɗaya da shiga ɗaya kawai ya ba ka. Shi ya sa a Jamus da Ostiriya da Cek yake da riba, can kudu kuwa sau da yawa gara ka yanki tikitin kowace tafiya tun da wuri.

Bas ya fi araha, kamfanoni irin su FlixBus sun haɗa kusan kowane gari, kuma bas ɗin dare yana ɗauke maka kuɗin kwana ɗaya. Wanda ya taɓa kwana a hanyar Kontagora zuwa Yawuri ba zai ce kujerar bas ɗin Turai ta gajiyar da shi ba. Amma bas ne 'yan sanda suka fi tarewa a iyaka. Ɗage shinge ba ya nufin an daina dubawa. Jamus ma tun watan Satumba na 2024 ta maido da bincike a duk iyakokinta na ƙasa. Ni a nan na sha tawa. Wata shekara na hau bas ɗin dare da katin zama kaɗai a aljihu, fasfo na bar shi a ƙasan akwati wai kada ya ɓace. Wajen ƙarfe biyu na dare aka tsayar da mu, aka kunna fitilun ciki, jami'ai biyu suka shigo suna bi kujera kujera. Na miƙa kati. Ɗayan ya juya shi gaba da baya, ya buɗe tafin hannu yana jiran na biyu. Aka sauko da ni, ni da jakata, bas ya yi gaba, na ƙarasa daren a benci cikin wani ɗaki mai warin kofi, ina kallon agogon bango har aka gama buga wayoyinsu. Ba su ci zarafina ba, laifina ne: katin ba ya tafiya sai da fasfo, kamar akuya da igiyarta.

Jiragen sama masu araha irin su Ryanair da Wizz Air kuwa, wani lokaci tikitinsu bai kai kuɗin abincin rana biyu ba. Dabarar tana wajen kaya. 'Yar jakar da za ta shiga ƙarƙashin kujera ce kyauta, duk abin da ya wuce nan da kuɗinsa, filin jirgin kuma yana iya zama can bayan gari. Wanda ake kira na Faris a Beauvais ya fi kilomita 80 daga birnin. Wannan ya kawo mu matsalar da Bature ɗan jakar goyo bai san da ita ba, wato tsaraba. Ɗanmu ba zai dawo hannu rabbana ba. Akwai turaren Inna, takalmin ƙanne, agogon Baba, cakulan yaran maƙwabta, akwati biyu masu kilo 23 kowanne. Ba a yawo da su. Dole a samu ɗakin wani amintacce a ajiye, ma'ana tafiyar ta zama zobe: inda ka tashi nan za ka dawo. Duk tsarin da bai dawo da kai wurin akwatunanka kwana biyu ko uku kafin jirgin gida ba, ka yage shi.

Wurin kwana shi ne inda na fi jan kunnensa. Masaukan 'yan jakar goyo gado ake biya, ba ɗaki ba, mutum shida ko takwas ko fiye a ɗaki ɗaya, kuma in ba ka duba da kyau ba maza da mata a haɗe suke. Akwai ɗakunan mata zalla a mafi yawansu, na maza zalla sun fi wuyar samu. Ka tafi da kwaɗonka na kulle akwatin ajiya, da robar ruwa da za ta zame maka buta, da 'yar darduma mai naɗewa. Kicin na kowa ne, tukunyar da ka ɗauka ba ka san abin da aka soya a ciki jiya ba, sai ka wanke da kanka. Abinci ba ya gagara, shagunan Turkawa da Larabawa suna kusa da kusan kowace babbar tasha. Salla ce ke son shiri: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Berlin sai wajen tara da rabi na dare, asuba kuma ta riske ka kafin barci ya yi nauyi. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli, ya tambayi malaminsa hukuncin tun kafin ya tashi. Wani ƙaramin abu kuma: Hangari forint take ci, Cek da Folan kowace da nata kuɗin, duk canji kuma ana gutsurar wani abu. Kada ya rufe asusun bankinsa na can sai ya gama yawo, don katin naira ba abin jingina ba ne a waje, ya kuma duba ranar da inshorar lafiyarsa ta ɗalibi za ta ƙare.

Inda na saɓa da abokansa shi ne ƙasa bakwai cikin kwana goma sha biyu. Na yi irinta. Abin da ya rage mini a kai tashoshi ne da majami'u masu kama da juna, har na kasa tuna wace gada ce a wane gari. Na ce masa ya zaɓi fuska ɗaya ya zauna mata, kuma in ni ne, kudu zan nufa, Andalus a kudancin Sifaniya. Yaron da ya tashi yana jin ana jan Ashafa da azumi, yana jin malamai suna cewa "in ji Ƙurɗubi", ya kamata ya taka Kurɗubar da ƙafarsa. Babban masallacinta an fara gina shi a ƙarni na 8 zamanin Abdurrahman na ɗaya, ya koma coci a 1236, kuma har yau ginshiƙansa da bakunansa masu ratsin ja da fari suna nan. Sai dai ya sani ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, kada ya je ya tada kabbara a fitar da shi. Garnaɗa, inda Alƙali Iyal mai Ashafa ya taɓa yin alƙalanci, ita ce ta ƙarshe da ta fita daga hannun Musulmi a 1492, kuma fadar Alhamra tana kan tudunta. Tikitin shiga fadar yana ƙarewa tun makonni kafin ranar a lokacin bazarar Turai, ana sa lambar fasfo da sa'ar shiga, ba a fafe gora ranar tafiya. Zafin Yuli a can yana haura digiri 40, Turawa suna ta kuka, ɗan Kabi da ya san Afrilu sai ya ji kamar ya dawo unguwa. Tun kafin ya bar Hangari ma akwai abin gani a ƙofar ɗakinsa: Turkawan Usmaniyya sun riƙe Buda daga 1541 zuwa 1686, kabarin Gul Baba, wani shehin Turkawan, yana kan tudu a cikin birnin, bai taɓa zuwa ba sai da na faɗa masa.

Da ya ji Andalus sai ya ce to me zai hana ya tsallaka Maroko, tunda daga Tarifa a gaɓar Sifaniya zuwa Ɗanja a Maroko kusan awa ɗaya ce a jirgin ruwa, ya ga Fas da masallacin Ƙarawiyyin, ya hau jirgi daga Kazablanka zuwa Legas. A taswira ta yi kyau. Amma Maroko sai da bizarta daban ga ɗan Najeriya, ga akwatuna a Budafest, ga tikitin gida da aka riga aka biya daga can, wanda in ka ƙi hawa zangonsa na farko sauran ma sun mutu. Wannan hanya ta wanda ya tsara ta ne tun wata uku baya, ya sayi tikitin zuwa kaɗai, ya kuma aika kayansa gaba.

Hanya ta uku ita ce wadda ba ta zo masa a rai ba sam, kuma ita na fi sha'awa: ya sauka a Akra, wadda kakanninmu ke kira Ankara, ya biyo gaɓar teku ta mota. A nan koren fasfo sarki ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi kwana 90 ba biza a Gana da Togo da Benin, abin da ake nema fasfo ne da katin allurar shawara. Sefar Togo da Benin kuma a ɗaure take da Yuro, kusan 656 a kan Yuro ɗaya, ba ta motsi, don haka ragowar kuɗinsa ba za su narke ba. Abin da ya fi wannan, zai iske Hausa tana jiransa: a Nima da Sabon Zango a Akra, a zangon Kumasi, a Lome, a Kwatano. Hanyar fatake ce, ta goron Gwanja, kuma Kabawa suna da ƙafa a cikinta. Alhaji Umaru, babban malamin Salaga a ƙasar Gana da ya rasu a Kete Karachi a 1934, a Kano aka haife shi amma asalin gidansu Kabi ne, har sunansa yana ɗauke da Alkabawi. Ga gidan bayi na Elmina a gaɓar Gana da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wanda duk ɗan Afirka da ya gama kallon fadojin Turai ya kamata ya shiga ya ga ɗaya daga cikin wuraren da aka tara dukiyar.

Wahalarta ita ce wadda muka sani: iyaka uku, Aflawo da Hilakonji da Seme, shingaye, jira, da mai neman na goro. Akwai kuma tarkon da zai fi jan ɗan Kabi. Daga Kwatano hanya ta miƙe arewa ta Faraku da Kandi zuwa Segbana, ka faɗo Tsamiya a ƙasar Bagudo, kamar ka shigo gida ta ƙofar baya. Shekarun baya da na ce bismilla. Yanzu arewacin Benin yana fama da hare-haren masu ɗauke da makamai, namu ɓangaren iyakar ma kowa ya san halin da yake ciki. Baƙon yaro da jakar goyo da kwamfuta ba shi da abin yi a can. Ya bi ta Seme ya shiga Ikko, ya hau jirgi ko motar safe.

Da na jera su sai na ga ba ma sai an yi dogon lissafi ba. Gana da Togo ba sa gudu. Bana, baɗi, bayan bautar ƙasa, duk ranar da ya tara kuɗin mota suna nan, fasfonsa kaɗai ya ishe shi, kuma ya fi masa sauƙi ya taso daga gida ba akwatin tsaraba a kai. Katin Hangari kuwa tumatir ne, yana da ranar ruɓewa. Na ce ya ci mai ruɓewa tukuna: kwana goma, gari uku, ya dawo Budafest da sauran kwanaki a hannu, ya karɓi takardar sakamakonsa mai hatimi, ya amshi kuɗin ajiyar ɗakinsa, ya bar Turai aƙalla kwana uku kafin 31 ga wata, don jirgi yana iya sauya rana ba da shawararka ba.

Da 'ya mace ce, ma'aunin takardu da kuɗi bai canza ba, amma ba zan yi kamar ban san gidajenmu ba. Zancen muharrami da yardar iyaye ya riga komai, kuma wadda aka amince mata, tafiya da ƙawaye biyu ko uku da ɗakin mata zalla da jirgin rana ta fi bas ɗin dare ita kaɗai. Namijin ma ban ce ya tafi a ɓoye ba. Akwai masu yi, sai hoto ya tona musu asiri, daga nan kuma ƙanensu ne ke biyan bashin, don ba za a sake barin wani ya fita ba.

Saura Inna. Na je gidan da la'asar, na tarar tana tsince shinkafa a faifai. Ban ce mata yawo ba, na ce ziyara za shi, garin su Ƙurɗubi da inda mai Ashafa ya yi alƙalanci, kwana goma, da kuɗin da ya tara daga alawus ɗinsa, kuma kullum bayan isha'i zai kira ta. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Yaya za a yi shi san alƙibla cikin jirgin ƙasa?" Na nuna mata a wayata. Ta karɓa, ta juya ta gabas, ta juya ta yamma, tana kallon kibiyar tana komawa wuri ɗaya. Ta miƙo mini ta ce, "To shi tai. Amma ka gaya mishi turarena ba na filin jirgi nika so ba, shi shiga kasuwa shi zaɓo."